Kafin Hukuma Ta Iso

A shekarar 1989 wata ƙungiyar masana sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta amince da wata takarda mai bayyana matakan da za a bi ranar da aka sami alamar cewa akwai halittu masu hankali a wajen wannan duniya tamu. Takardar ta ce wanda ya fara tsinkayar alamar kada ya yi garaje. Ya sake dubawa, ya nemi takwarorinsa su tabbatar, sannan a sanar da jama'a, har da Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma kada kowa ya mayar da amsa sai ƙasashe sun yi shawara. Tsari ne mai kyau, irin na mutanen da suka saba da zauren taro. Sai dai an gina shi bisa zaton cewa baƙon zai yi sallama ta ƙofar gaba, a kunnen na'urar da masana suka kafa domin sauraronsa.

Abin da ke faɗowa daga sama kuwa bai san ƙofar gaba ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, wani abu ya nutse cikin ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Dutse ne mai nauyin kilo 18. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar da cewa ɓantare ne daga duniyar Mas. An yanyanka shi an rarraba wa ɗakunan bincike, har a 1996 aka maƙala ɗan ƙwayarsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor aka mayar da shi wajen inda ya fito. Mutumin da ya tarbe shi kuwa, a bayanan da ake ta maimaitawa, "wani manomi" kawai ake ce masa.

Ƙagaggun labaran kimiyya da ke magana kan haɗuwar farko tsakanin ɗan Adam da baƙin sama sun kasu gida biyu a wurina, gidan masu takarda da gidan manomin Zagami. A gida na farko gwanaye ne ke tarbar baƙo. A littafin Contact na Carl Sagan, na 1985, masaniyar taurari ce ta fara jin saƙon, a fim ɗin Arrival na 2016 kuwa sojoji ne suka ɗauko masaniyar harsuna a jirgi mai saukar ungulu. Ina girmama waɗannan labarai, amma zuciyata tana gida na biyu, inda baƙon ke faɗowa hannun wasu abokai da ba su da muƙami, ba su da na'ura, ba su ma gama sanin kansu ba. Waɗannan labarai duk suna faruwa ne a cikin wani ɗan taƙin lokaci, daga saukar baƙo zuwa isowar hukuma, kuma a cikin wannan taƙin ne ake yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi: wannan abin da ke gabanmu, baƙo ne ko dodo?

Ni ta hannun Umaru Dembo na shiga wannan gida. Littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya ya fito a 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, amma kwafin da ya zo hannuna a ɗakin karatu na makarantarmu ya riga ya sha hannu har bangonsa ya rabu da jikinsa. Yaro ne mai suna Kilba ya gamu da Kolin Koliyo, baƙon da ya tafi da shi yawon sararin sama. Abin da ya tsaya mini a rai ba kumbon ba ne. Yaron ne, domin namu ne, kuma babu wanda ya tambaye shi takardar shaidar karatu kafin sama ta buɗe masa. Daga baya, a wani gidan kallo mai bencina da ƙarar janareta, muka kalli fim ɗin Indiya na 2003, Koi... Mil Gaya, inda Rohit, saurayin da hankalinsa ya tsaya a na yara, shi da Nisha da ƙananan abokansa suka ɓoye wata shuɗiyar halitta da 'yan'uwanta suka tafi suka bari, suka raɗa mata suna Jadoo. Da 'yan sanda suka kama Jadoo, gidan kallon ya kaure da salati da tsaki. Ban ji wanda ya tsaya tambayar wace irin halitta ce ba. Baƙon Rohit ne, an kuma zo an ɗauke shi daga hannun mai masaukinsa, wannan kaɗai ya isa laifi a idon kowa da ke kan bencin nan.

Kalmar da Ingilishi ke kiran waɗannan halittu da ita, ita ce kuma dokokinsu suka daɗe suna kiran ɗan wata ƙasa da ita. Hausa ta fi haka zurfi, ko in ce ta fi haka wayo. Baƙo shi ne wanda ake shimfiɗa wa tabarma, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, wanda ake cewa baƙonka annabinka. Baƙo kuma shi ne baƙuwar fuskar da aka gani tana zagaya unguwa da magariba, wadda ake bi da ido har ta sha kwana. Kalma ɗaya ce, ba ta kuma raba gardama da kanta. Ta bar wa waɗanda ke zaune a bakin hanya su raba.

Shi ya sa abinci ke shigowa da wuri a irin waɗannan labarai. A fim ɗin E.T. na Steven Spielberg, na 1982, yaro ɗan shekara 10 mai suna Elliott bai san kalma ɗaya ta harshen baƙonsa ba, sai ya jera masa alewa a ƙasa. Baƙon ya tsinta, daga baya ya zo ya ajiye wasu a gaban yaron. An gama yarjejeniya ke nan, ba tafinta, ba sa hannu. Ba ina kwatanta mala'iku da halittun almara ba ne, amma duk wanda ya tashi da jin ƙissar baƙin Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san wannan ma'auni: ya gaggauta kawo musu gasasshen ɗan maraƙi, kuma tsoro bai shige shi ba sai da ya ga hannayensu ba su kai ga abincin ba. Miƙa akushi tambaya ce, sa hannu a ciki kuma amsa ce.

Spielberg ya yi wata dabara da ta nuna ya san inda labarinsa yake. A mafi yawan fim ɗin ba a nuna fuskar wani babba sai ta uwar yaran. Mutanen gwamnati ƙafafu ne kawai, da fitilu, da tarin makullai masu ƙara a ƙugun wani. Ranar da suka iso da fuskokinsu sai suka naɗe gidan baki ɗaya da leda, suka kewaye baƙon da na'urori, kuma a hannunsu numfashinsa ya ɗauke. Ba miyagu ba ne, likitocin cikinsu iya ƙoƙarinsu suka yi. Sun dai zo ne da tambayar "mene ne wannan", alhali yaran sun riga sun wuce ta tun daren farko, suna kan tambayar "me yake bukata".

Me ya sa kuma sai abokai, ba mutum guda ba? Domin baƙon sama sirri ne da ya fi ƙarfin ƙirji ɗaya. Elliott bai iya riƙe shi shi kaɗai ba, sai da ya sa wansa Michael ya yi masa alkawari, ƙanwarsu Gertie ta shigo ta tsala ihu, daga ƙarshe abokan wansa suka hau kekunansu suka yi tsere da motocin hukuma. Da zarar sirri ya shiga hannun mutum huɗu ko biyar, labarin ya tashi daga kan baƙon ya koma kan amana. Wa zai fara tsorata? Wa zai ga kuɗi a ciki? Wa zai faɗa wa matarsa?

Mu biyar ne muke zama bayan sallar isha'i a gindin darbejiyar da ke ƙofar shagon wani tela, tun muna samari. Wani dare da wuta ta ɗauke, taurari suka fito kamar an watsa gero, sai na jefa musu tambayar: da a ce yanzu wani abu ya sauko bayan shagon nan, ya fito yana ɗingishi, me za mu yi? Tela bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Shayi zan haɗa masa. In ya sha, sai a yi maganar sauran." Mai gyaran waya ya yi dariya ya ce, "Kai dai Malam, ba ka san arziki ba. Bidiyo zan ɗauka, kafin asuba duniya ta san sunan unguwar nan." Malamin firamaren cikinmu, wanda ba ya wasa da ƙa'ida, ya ce baƙo ko daga ina yake sai an kai shi gaban mai unguwa, haka muka gada. Muka yi ta ja-in-ja, kowa yana ƙawata nasa. Na biyar ɗinmu, mai tuƙa adaidaita sahu, wanda ya fi mu duka sanin titi, ya bari sai da muka gaji sannan ya ce, "Duk daɗin baki ne. Mutum ɗaya zai yi ihu daga can, in ga wanda zai tuna da shayi a cikinku."

Ba wanda ya amsa masa. Watanni kaɗan ke nan da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo, a ƙarshen Maris na 2025, inda aka tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su gida yin sallah, aka ga bindigoginsu na farauta, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu kafin wani mai iko ya hana. Mun yi baƙin cikin wannan a gindin darbejiyar nan. Amma direban bai kawo maganar don ya nuna wasu da yatsa ba. Ya sha ganin yadda kalmar "ɓarawo" ke tashi a kasuwanninmu, da yadda mutanen kirki, waɗanda suka yi sallar asuba a sahu ɗaya, ke zama wani abu dabam cikin ƙiftawar ido. Waɗanda ke taruwa a irin wannan wuri ma abokai ne. Tare suka fito, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana samun ƙarfin zuciya daga na kusa da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin fim ɗin Attack the Block, wanda Joe Cornish ya shirya a 2011, ya fi E.T. gaskiya, ko da bai kai shi daɗi ba. A wata unguwar talakawa ta kudancin Landan, wasu samari biyar suna cikin yi wa wata ma'aikaciyar jinya ƙwace sai wani abu ya faɗo daga sama ya ragargaza mota. Shugabansu Moses, wanda John Boyega ya fito a matsayinsa, ya leƙa motar don ya ga abin da zai samu, halittar ta yakushe shi a fuska. Abokansa suna kallo. Yaro ɗan shekara 15 da aka zubar wa jini a gaban yaransa ba shi da hanya biyu, a ganinsa. Suka bi ta suka kashe, suka ja gawar suna nuna wa unguwa. Duk bala'in da ya biyo baya, har da mutuwar wasu daga cikinsu, daga wannan kisan ya taso, domin ƙanshin jikinta da ya manne musu shi manyan suka biyo. Ga kekuna kamar na yaran Spielberg, ga riƙon amana iri ɗaya, ga tsayawa bayan aboki ko da za a mutu. Abin da ya ceci baƙo a Kalifoniya shi ya kashe baƙuwa a Landan.

Akwai kuma wani wuri a fim ɗin da ya fi halittun ban tsoro. Samarin sun gano cewa matar da suka yi wa ƙwace a bene ɗaya suke zaune da ita, Moses kuma ya ba ta haƙuri da cewa da sun san 'yar gida ce da ba su taɓa ta ba. Yana ganin ya wanke kansa ke nan. Ita kuwa ta gane abin da maganar ke nufi, wato duk wanda ba su sani ba halal ne.

Ba zan yi wa masu tsoro rashin adalci ba, domin tsoronsu yana da tarihi. H. G. Wells, a littafinsa The War of the Worlds na 1898, tun a farkon labari ya tuna wa Turawa masu karatunsa abin da su da kansu suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, kafin su yi kukan abin da mutanen Mas za su yi musu. Mu ba ma bukatar a je Tasmaniya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Clapperton a Sakkwato a 1824, ya sauke shi, ya yi hira da shi ta ilimi. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 yana rubuta duk abin da idonsa ya gani. Baƙi ne 'yan ƙalilan, gajiyayyu, masu fama da zazzaɓi, irin waɗanda ake tausaya wa. A 1903 waɗanda suka biyo sawunsu suka zo da manyan bindigogi, Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris. Jikan mutanen da suka ga haka, in ya ce a kai baƙo gaban mai unguwa, ba rowar shayi yake yi ba.

A nan ne nake da ƙorafi kan E.T. da ɗan'uwansa na Indiya. Sun sauƙaƙa wa kansu jarrabawar. Baƙonsu ƙarami ne, mai manyan idanu kamar jariri, shi kaɗai ne, yana warkar da ciwo, kuma, abin da ya fi komai, gida yake son komawa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma son raɓa ba shi da wuya tunda hantsi na ɗagawa za ta bushe. A yi kuka a bakin kumbo, a ɗaga hannu, kowa ya koma gida da zuciya fara. To, baƙon da ya zo ba shi da ranar tafiya fa? Fim ɗin District 9 na 2009 ya yi wannan tambaya, inda baƙin sama suka maƙale a Johannasbag fiye da shekara 20 aka killace su a unguwar kwano da shara. Sai dai fim ɗin da ya zo yin wa'azi kan wulaƙanta baƙo shi ne kuma ya mayar da 'yan Nijeriya 'yan daba masu cin naman baƙin, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Nnedi Okorafor ta ce fushin wannan fim ne ya fara tunzura ta rubuta Lagoon, wanda ya fito a 2014. Ta sauke baƙin a tekun Legas, ta haɗa su da mutum uku da suka gamu a bakin ruwa: Adaora masaniyar halittun ruwa, Agu soja, da Anthony mawaƙi ɗan Gana. Littafin yana da hayaniya da cunkoso kamar birnin da yake bayarwa, wani lokaci har zaren labarin ya kuɓuce wa marubuciyar. Amma ba ta yi ha'inci ba. A cikinsa akwai malamin coci da ya ga baƙuwar a matsayin hanyar cika majami'arsa, akwai kuma wasu samari abokan juna da suka shirya sace ta don su yi kuɗi. Baƙinta kuma sun faɗa ƙarara cewa zama suka zo yi.

Irin wannan baƙuncin mun gan shi da idonmu, ba a allo ba. Lokacin da rikicin Boko Haram ya kori jama'a daga garuruwansu suka kwarara Maiduguri, mafi yawansu ba a sansanin gwamnati suka sauka ba. A gidajen mutane suka sauka, wurin dangi, wurin abokan dangi, wani lokaci wurin wanda bai taɓa ganinsu ba. Magidancin da ke da ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar da ake dafa wa mutum bakwai ta koma ta mutum ashirin, aka ce kwana kaɗan ne, kwanakin suka zama shekaru. Kafin motocin agaji masu tambari su iso da rajista da katin abinci, talakawa sun riga sun yanke hukuncinsu a bakin ƙofa. Har yau ina jiran marubucin Hausa da zai ɗauko kumbon Umaru Dembo ya sauke shi a irin wannan tsakar gida, ya bar baƙin su zauna har buhun masara ya ƙare, sannan ya nuna mana abin da ya rage tsakanin abokan da suka ce a shigo da su.

Ba na sa ran wani kumbo zai sauka bayan shagon tela. Tauraruwar da ta fi kusa da rana tamu, haskenta kan yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu, kuma kumbon Voyager 1, da irin gudun da yake yi, sai ya shafe fiye da shekara dubu 70 kafin ya ci wannan nisa. An harba shi a 1977 ɗauke da faifai mai ruwan zinariya, wanda aka naɗi gaisuwa a cikinsa da harsuna 55, domin ko wata rana wani zai tsinta. Akwai Larabci a ciki, akwai Luganda da Nyanja da Sotho, akwai ma harsunan da masu su suka shuɗe tun dubban shekaru, irin su Akadiyanci. Babu Hausa a cikin 55 ɗin.

Na kai wa majalisarmu wannan labari ina tsammanin za su ji haushi. Malamin firamare ya ji, ya ce raini ne. Tela kuwa ya ciji zare ya tofar, ya ce shi bai ga yadda za a yi a naɗi gaisuwar Hausa a faifai ba, tunda ba ta mutum ɗaya ba ce. "Ka ce ina gajiya, sai ka tsaya. In ba a ce ba gajiya ba, da wane bakin za ka ce ina mutan gida? Sai dai su bar wuri a faifan, shiru na shekara dubu 70, sannan a ci gaba." Direban adaidaita sahu ya miƙa masa kofinsa ya ce a ƙara masa shayi, kuma a rage sukari.